Shekarar da Na Kori Jemagu Saboda Ar'ar

Ku zauna a kan bulon nan, amma ku lura kada ku taka min gwaba. Kai mai jar hula, kai ne ka ce sana'ar tamu ba wani abu ba ce, ƙasa ce da leda da ruwa, sai a ɗauki hoto a sa a waya mai saye ya zo? To sannu da ilimi. Ni Sabo, shekara arba'in da ɗoriya ina tsugune a bakin titin nan tsakanin Fagge da Sabon Gari ina renon itatuwa, kuma da wannan furfurar tawa na kori ma'aikatana da hannuna saboda wani ɗan tsiro da bai kai kamu ɗaya ba. Tunda kun zo koyo, gara ku fara da wautata, ita ce ta fi yawa.

Ranar da aka kawo ni wurin maigidana, marigayi Baba Ɗanjuma, bai ba ni adda ba, bai ba ni almakashi ba. Rariya ya miƙo min. Wata uku cur ina tankaɗe ƙasa, ina haɗa ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, shi kuma ya zo ya damƙa a hannu ya matse. In ta dunƙule ta ƙi wargajewa ya ce yashi ya yi kaɗan, in ta zube ta tsakanin yatsu ya ce a sake. Bayan rariya sai butar ban-ruwa, kuma ita ma da ƙa'idarta: ba a ba tsiro ruwa da rana tsaka, ba a kwarara masa a ka. Sai da na shekara ya ce na isa a ba ni babban kayan aiki. Na gyara tsayuwa ina jiran adda. Ya sa hannu a aljihu ya zaro cokali, irin na shan shayi, bakinsa har ya cinye.

Ku ɗaga kai ku dubi madacin nan da muke zaune a ƙarƙashinsa. A wancan zamanin, da zarar ruwan farko ya sauka, jemagu ke cika shi har rassan su ranƙwafa. Ba ƙananan nan na cikin silin nake nufi ba. Manyan ne, masu cin 'ya'yan itace, wuyansu ruwan ɗorawa, fuskarsu kamar ta ɗan kwikwiyo. Da magariba su tashi su rufe sama su tafi kiwo, Allah kaɗai ya san inda suke zuwa. Da asuba su dawo da ciki cike da ɓaure da cediya da gamji da gwaba, su rataya, su yi ta saki. Aikina shi ne in bi ƙarƙashin bishiyar da cokali da gwangwani ina kwashe abin da suka saki, in kai wa Baba ya barbaɗa a kan tankaɗaɗɗiyar ƙasa.

Na ce, "Baba, yanzu kashin jemage iyayena suka kawo ni in koya?"

Ya ce, "Kai dai kwashe. Waɗannan leburorinmu ne. Su ke zuwa daji su zaɓo mana iri, kuma ba sa ɗaukar ɗanye, sai wanda ya nuna. Kai za ka iya?"

Ban iya ba kuwa. Ƙwayar ɓaure ƙanƙanuwa ce, in ka shuka da hannunka rabi ma ba ya fitowa, amma wadda ta bi ta cikin jemage, kafin ka ankara ta yi kore shar. Mutane sun saba dasa reshen cediya, mu kuwa na iri muke sayarwa, mai saiwa har ƙasa, wanda iska ba ta kayarwa. Masu gina makaranta da masallaci da masu sababbin gidaje daga Kwaciri har bayan gari, wurinmu suke zuwa neman itacen inuwa. Baba in ya ga masu harbin jemage da danƙo, da adda yake bin su har bakin kwalta. Da ya rasu na gaji wurin, na gaji cokalin, na gaji leburorin.

Akwai wata Malama Bilkisu, malamar jami'a, 'yar gidan alƙalai ce ta cikin gari. Duk damina sai ta zo da yamma da madubin hangen nesa da ɗan littafi, ta tsaya tana ƙirga jemagu suna tashi. Nakan ba ta kujera, in ta juya baya in ce a raina, ikon Allah, wato har da wannan ma aiki ne ake biyan mutum albashi. Ni da nake kwasar kashinsu ban ga abin dariya a nawa aikin ba.

To, wata ranar damina da hantsi sai ga Hajiya Sikira ta sauko daga adaidaita sahu, ta rungumo wani abu a cikin mayafi. Hajiya Sikira babbar dillaliyar atamfa ce a kasuwar Kwari. Kakanninta daga ƙasar Yarabawa suka zo, amma ita a Fagge aka haife ta, Hausar bakinta ta fi tawa tsafta. Ta daɗe tana sayen fulawa a wurina. Ta buɗe mayafin, sai ga gwangwanin madara da wani ɗan tsiro a ciki, ganyensa sirara kamar allura, da ƙamshi mai daɗi in ka murza.

Ta ce, "Malam Sabo, daga Umara nake. An kai mu Ɗa'ifa, can na samo shi. Ar'ar suke ce masa. Yadda na sha wahala kafin in iso da shi, kada ka tambaya. Ina gini a Sabon Gari, in an gama a tsakar gida nake so a dasa shi. Amana na ba ka."

Na ce, "Hajiya, kin kawo shi gida. Ar'ar? Ai mun saba."

Wallahi ban taɓa jin sunan ba sai ranar. Amma mutum ya shekara talatin a sana'a, mace ta ɗauko itace tun daga ƙasa mai tsarki ta tsallake duk masu lambun Kano ta kawo masa, sai ya buɗe baki ya ce bai sani ba? Girman kai ya hana ni.

Na sauya masa tukunyar ƙasa sabuwa, na ajiye shi a gindin madaci inda ya fi sanyi, kuma ya karɓa, har ya fara sabon toho. Labari ya zaga. Masu faci da masu shayi da 'yan adaidaita suka riƙa zuwa kallon itacen Makka. Wani ya shafa ganyen ya shafe fuska. Ni kuwa na zama malamin ar'ar, ina ta bayani. Na ce duk Najeriya babu irinsa. Da na ga sun gyaɗa kai, na ƙara da cewa a duniya ma saura kaɗan ya ƙare. Daga ina na samo wannan? Oho.

Wata safiya na zo na tarar jemagu sun yi masa ado tun daga kai har cikin tukunya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Itacen da ya sha iskar ƙasa mai tsarki, shi za a yi wa wannan wulaƙanci? Na wanke shi ganye-ganye da auduga. Washegari suka sake. Nan fa na ɗaura yaƙi da su. Na buga gwangwani har hannuna ya yi kanta, su tashi su zaga su dawo. Na tura musu hayaƙin barkono, ni na ƙare da tari, mai shayin can ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni.

Sai na zauna na yi tunani, irin tunanin da ke kai mutum ya baro. Na ce, shin wannan itace daga ina ya zo? Saudiyya. Me ke Saudiyya? Rana, wadda duk alhajin da ya dawo sai ya ba da labarinta. Ashe ma cutarsa nake yi da na ajiye shi a inuwa! In na sa aka sassare madacin, na huta da jemagu, ar'ar kuma ya samu ranar da ya saba. Har na yaba wa kaina.

Na kira masu injin yankan itace. Babbansu ya dubi bishiyar ya dube ni ya ce, "Malam, duka?" Na ce duka, a bar gangar jiki kawai. Kafin azahar sun yi wa madaci aski ƙwal-kwabo. Jemagu suka tashi da rana tsaka, abin da ba sa yi, suna ta kewaya wurin suna kuka, su sauko inda reshe yake su tarar babu. Ba zan ɓoye muku ba, na tuna Baba da addarsa. Amma na dake na ce ai damina mai zuwa za su dawo, ina za su? Kafin la'asar babu ko ɗaya.

Ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya shigo. Ar'ar ya samu ranar da na yi masa tanadi. Sati na farko bakin ganyen ya yi ja. Na ce sabo yake yi. Sati na biyu jan ya gangaro. Na ƙara taki. Kafin wata ya cika ya zama tsinke, in ka taɓa ganyen sai ya zube a hannunka. Ba shi kaɗai ba, duk ƙananan dashen da ke fakewa a inuwar madaci suka bi shi, na koma ina kafa rumfar buhu kamar mai sayar da tumatir.

Kun san abin da na yi? Na ɗauke tukunyar na kai bayan tankin ruwa na ɓoye, na ci gaba da ba matacce ruwa safe da yamma. In Hajiya Sikira ta biyo ta tambaya, sai in ce, "Yana hutu, Hajiya. Irinsu ba a cika damunsu da kallo ba a wannan lokacin." Ta ce to, Allah ya taimaka. Ni da nake faɗa wa mutane gaskiya in dashensu ba zai yi ba, ga ni ina zabga wa mai amana ƙarya ido cikin ido.

Ina cikin wannan ban-ruwan banza sai wani ɗan kore ya ɓullo a gindin tsinken. Na yi hamdala, na ce ar'ar ya farfaɗo ta ƙasa. Kwana uku ina murna. Da ganye na uku ya buɗe, mai faɗi, mai kaushi, sai murna ta koma ciki. Ko a mafarki aka nuna min na san shi. Ɓaure ne. Cikin abin da jemagu suka saki a tukunyar, wanda na yi ta zagi ina wankewa, ƙwaya ɗaya ta maƙale.

Damina ta zagayo. Ruwan farko ya sauka, na tankaɗe ƙasa, na wanke cokali, na zauna. Madaci ya ɗan yi toho kamar gashin jariri, amma ko jemage ɗaya bai zo ba. Ruwa na biyu, na uku, shiru. Wannan ita ce muguwar shekarata. Masu neman itacen inuwa su zo in ce babu, su wuce gaba. Na gwada shuka ɓaure da hannuna, abin da ya fito bai cika baro ɗaya ba. Na koma yankan reshe ina dasawa kamar kowa, wanda Baba ke kira aikin ragwaye. Wani shugaban makaranta da ya shekara goma yana saye a wurina ya ɗaga leda ya duba ƙasanta ya ce, "Malam Sabo, wannan ba irin naka ba ne." Ya ajiye ya tafi, bai sake dawowa ba.

A cikin daminar ne Malama Bilkisu ta zo da madubinta. Ta sauko daga mota ta ɗaga kai, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Malam Sabo, wa ya yi wannan?"

Na so in ce 'yan wutar lantarki ne. Bakina ya ƙi. Na kai ta bayan tanki na nuna mata tsinken, na ba ta labari tun daga gwangwanin madara. Ta murza busasshen ganyen ta shinshina.

Ta ce, "Ar'ar ne kam, Turawa na ce masa junifa. Amma wa ya ce maka itacen rana ne? Ɗa'ifa a kan duwatsu take, can mutanen Makka ke gudu in zafi ya ishe su. Itacen tsauni ne, sanyi yake so da raɓa. Inuwar madacin nan ita ta riƙe masa rai."

Na ce, "To ai shi ke nan, na kashe abin da ya kusa ƙarewa a duniya."

Ta ce, "Wa ya ce ya kusa ƙarewa?"

Na ce, "Haka ake faɗa." Ban gaya mata ni ne mai faɗar ba.

Ta zauna a kujerar da na saba ba ta, ta yi min bayani dalla-dalla. Ta ce masana na duniya suna da wani kundi da suke rubuta halin da kowane mai rai yake ciki, dabba ko tsiro, daga wanda babu fargaba a kansa har wanda ya ƙare. Ta ce irin wannan ar'ar ɗin yana nan daji-daji a tsaunukan Larabawa da Habasha har ƙasashen da ke kudu da su. Ana sararsa don katako, a wasu wuraren yana raguwa, amma a kundin yana layin waɗanda babu fargaba a kansu. Yana iya shekara ɗaruruwa a tsaye, yana zuba 'ya'ya tsuntsaye na baza masa.

Ta nuna saman madaci ta ce, "Waɗanda ka kora kuwa, suna layin waɗanda ke dab da shiga haɗari. Kana ganinsu da yawa ne don a wuri ɗaya suke taruwa. Macensu ɗa ɗaya take haifa a shekara. Ana harbinsu don nama, ana sare bishiyoyin da suke kwana. Kuma su ke shuka dajin da ni da kai ba za mu taɓa zuwa ba."

Na ce, "Wannan na ƙarshen na sani, Malama. Da shi na ci abinci shekara talatin."

Ta dube ni ta ce, "To Malam Sabo, da kashin ya dame ka, me ya hana ka kafa masa 'yar rumfa da kwanon rufi ɗaya a gindin bishiyar?"

Kwano ɗaya! Ga su nan jingine a bayan tanki har uku, a gabanmu. Na buga gwangwani, na shaƙi barkono, na ɗauko masu inji, amma wannan bai taɓa zuwa kaina ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na tambaye ta ko za su dawo. Ta ce ba ta sani ba, wani lokaci sukan dawo in bishiya ta mayar da rassa, wani lokaci in sun samu wani wuri shi ke nan. Ta rufe littafinta ba ta rubuta komai ba.

Washegari na ɗauki tukunyar na shiga adaidaita sai Sabon Gari. An gama ginin Hajiya Sikira, har an bar rami a tsakar gida an kewaye shi da bulo, ana jiran ar'ar. Na ajiye tukunyar a gabanta na cire hula. Na ce, "Hajiya, ba hutu yake ba. Ya mutu tun kaka, ni na kashe shi, kuma na yi miki ƙarya."

Ta ce, "Inna lillahi! Malam Sabo, a cinyata na riƙe shi tun daga Jidda. Ko abincin jirgi ban ci ba don kada in ajiye shi. Ba kai ka ce kun saba ba?"

Na ce, "Ranar na fara ganinsa."

Idonta ya kawo ruwa, ni kuwa na gwammace ta zage ni. Can ta nuna koren da ke gefen tsinken, wanda lokacin ya kai taƙi biyu, ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ɓaure ne. Jemagu suka shuka."

Ta ce, "Shi zai rayu?"

Na ce, "Wannan kam na sani, Hajiya. Wallahi wannan na sani."

Ta ce, "To ramin ba zai zauna haka ba. Dasa. Ƙasar da ke gindinsa dai da ta Ɗa'ifa a ciki."

Na dasa. Yau shekara goma sha wani abu ke nan. Ɓauren ya wuce soron gidan, yana zuba 'ya'ya, kuma duk damina jemagu na biyowa su ci su yi ɓarna a tsakar gida. Daga ina suke zuwa, ina suke kwana, ban sani ba. Madacin nan kuwa kun gan shi, ya mayar da rassansa tuni, inuwarsa ta fi ta da. Duk ruwan farko sai na ɗaga kai. Malama Bilkisu ma takan biyo ta ɗaga nata. Har yau ba su dawo ba.

Don haka duk dashen ɓaure da cediya da kuke gani a layin can, daga gidan Hajiya Sikira irinsu ya fito. Da damina, in na idar da sallar asuba, sai in hau adaidaita da gwangwanina in je in yi sallama kafin a share tsakar gida. Ta hana a sa tsintsiya sai na zo. In ta ji muryata takan ce daga ɗaki, "A buɗe wa malamin ar'ar, ya zo kwasar kashi." Ni kuma in ce na gode, don gaskiya ta faɗa.

Kai mai jar hula, miƙo hannunka. A'a, ba almakashi ba. Riƙe cokalin nan da kyau, na Baba Ɗanjuma ne. Hadari na haɗuwa, gobe da asuba ka same ni a nan mu tafi Sabon Gari tare. In mun shiga gidan ka yi sallama a hankali, wani lokaci akan samu ɗaya ko biyu sun makara a kan ɓauren. Kada ka tashe su. Ni na taɓa yi.